Yadda Ake Zaɓen Tsayi da Siffar Kan Babur ɗin Ƙanƙara don Hawan Duwatsu

Wanda ya saba da babur a kan kwalta, abin da zai fara ba shi mamaki a babur ɗin ƙanƙara na hawan dutse shi ne kujerarsa kusan ado ce. Ana zama a kanta a hanyar shiga daji, ana zama idan an tsaya shan shayi, amma da zarar an bar hanya an faɗa cikin dusar ƙanƙarar da ta kai ƙugu, a tsaye ake wuni. Ƙafa biyu a kan matakai, hannu biyu a kan ƙarfen kai, nan ne kaɗai jikinka ke haɗuwa da injin da nauyinsa ya kusa kilo 200 tun ba a zuba masa mai ba. Matakai dai kamfani ya riga ya yanke hukunci a kansu. Kan babur kuwa yana hannunka, kana iya ɗaga shi, ka sauke shi, ka rage faɗinsa, ka sauya lanƙwasarsa, kuma inci ɗaya tak yana iya raba wunin daɗi da wunin ciwon baya.

Ga wanda bai taɓa hawa ba: abin ba shi da taya. A gaba takalma biyu ne masu sulɓi, a baya kuma bel na roba mai dogayen haƙora, wanda a baburan dutse tsawonsa kan kama daga inci 146 zuwa 175. Totur ba murɗa shi ake yi ba, wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsan dama. Birki ɗaya ne, yana hagu, da mai yake aiki. Babu giyar da za ka sa da ƙafa, babu kulocin da za ka matsa da hannu. Ka riƙe wannan tsari a ranka, domin duk maganar da za mu yi a kan tsayi da faɗi tana komawa ne ga abu ɗaya: shin yatsanka na hagu yana kan birki, babban yatsanka na dama yana kan totur, a daidai lokacin da jikinka duka ya rataya a gefe ɗaya na babur?

Me ya sa dogon kai ya daina tashe

Tun da Joseph-Armand Bombardier ya fitar da Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Quebec a ƙasar Kanada a 1959, shekaru da dama an ƙera babur ɗin ne don mai zama. Ko da kamfanin ya fitar da Summit a 1994 musamman don duwatsu, mahayi yana can baya, kai yana ƙasa, wanda ya miƙe tsaye sai ya sunkuya kamar mai noma da gajeren hauya. Shi ya sa masu hawan dutse suka dinga ƙara wa baburansu wuya, wato ƙarfen da ake sawa tsakanin sandar sitiyari da ƙarfen kai don a ɗaga shi. A wancan lokaci suna da gaskiya. Amma a 2003 aka fito da ƙirar REV wadda ta matso da mahayi gaba ta ɗaga shi, sauran kamfanoni suka bi sahu, sai dai al'adar ƙarin wuya ba ta mutu da dalilinta ba. Har yau za ka ga sabon shiga ya sayi babur, bai ko shiga dusa da shi ba, ya tafi neman wuya mai inci takwas.

Ban ga laifinsa ba. A cikin gareji, a kan siminti mai lebur, dogon kai daɗi gare shi. Kana tsaye ƙyam, bayanka a miƙe, kuma idan ka ja gefe ɗaya babur ya fi saurin karkatowa, domin doguwar sanda ta fi gajeriya ƙarfin banƙara. Matsalar ita ce ba a lebur ake hawan dutse ba. Mafi wuyar aikin mahayi a wurare irin su Revelstoke a British Columbia ta Kanada, ko Cooke City a Montana da mashigar Togwotee a Wyoming ta Amurka, shi ne ratsa gangare a karkace, babur yana tafiya a kan takalmi ɗaya, ɗayan yana sama. A can ne ake gane kan da ya dace, kuma a can dogon kai yake tona asirin mai shi.

Mu duba abin kurkusa. A ce tudu yana hagunka, kwari yana dama. Ka dawo da jikinka duka gefen hagu. Ƙafarka ta dama ce a kan matakin hagu, ta hagu kuwa tana waje, tana dafa dusa kamar mai tura kwalekwale da gora. Ka juya kai zuwa dama, wato wajen kwari, domin haka ne ke sa babur ya kwanto wajen tudu. Yanzu mariƙin hagu ya yi gaba ya bar ka, na dama ya dawo baya yana neman cikinka. Idan kai ya yi tsawo, mariƙin nan ba a cinya zai same ka ba, a ƙirji zai same ka. Gwiwar hannunka ta naɗe, ba ka da wurin da za ka sa nauyinka a bisa ƙarfen, sai dai ka ja da baya don ka samu sarari. Kana ja da baya nauyi ya koma kan bel, hancin babur ya ɗaga ya nufi sama, gindinsa ya zame ƙasa, ka tona rami ka zauna. Idan kuwa kai yana ƙasa daidai, hannuwanka sun kusa miƙewa, kafaɗunka suna bisa ƙarfen, nauyin jikinka ne ke aiki ba ƙwanjinka ba.

Akwai kuma lokacin da babur ya kuɓuce ya faɗa wajen kwari da takalmansa biyu a ƙasa. Duk tsawon da ka ƙara sai ya zama nisa tsakaninka da mariƙi: a gangare mai digiri 30, rabin abin da ka ƙara a tsayi zai koma gefe. Ka ƙara inci huɗu, mariƙin ya ƙara nisa da inci biyu, ya jawo ka ƙetaren kujera a lokacin da kake bukatar zama a gefen tudu. Wannan ne ya sa kamfanonin da kansu suka fara saukowa. Da Ski-Doo ta fitar da Summit X na gwanaye a ƙirar 2020, gajeren wuya mai milimita 120 ta sa masa, wato inci 4.7. Polaris kuma ta daɗe tana ba mai sayen RMK, babur ɗinta na dutse, zaɓi uku, inci 5, inci 6 da inci 7.

Ra'ayina a fili yake: idan kana shakka tsakanin tsayi biyu, ɗauki na ƙasa. Amma "na ƙasa" ba yana nufin ka wuni a duƙe ba, kuma ga yadda za ka gano iyakar.

Mataki na farko: auna abin da kake da shi, da kayanka a jiki

Ka ajiye babur a wuri mai lebur, takalman gaba suna kallon gaba sosai. Ka sa takalmin da kake hawa da shi, da rigar sanyi, da safar hannu, da jakar baya idan kana goya ta. Wannan ba tsirfa ba ce. Tafin takalmin ƙanƙara yana da kauri, yana ƙara maka tsawo, jaka mai shebur da sauran kaya kuma tana sauya yadda kake tsayuwa. Wanda ya auna da silifas a ƙafa ya auna wani mutum ne daban.

Ka hau, ƙafa ɗaya a kowane mataki, ka matsa gaba inda kake tsayawa idan ana tafiya, ba can baya kusa da kujera ba. Ka ɗan karya gwiwa, ka saki kafaɗa, ka bar hannuwanka su sauko su kama mariƙi ba tare da ka neme shi ba. Abin da ake so shi ne mariƙi ya zo wajen saman cinya zuwa ƙashin ƙugu, gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa kaɗan, baya a miƙe amma an ɗan karkata gaba daga ƙugu. Idan mariƙi ya kai cibiya, ya yi tsawo. Idan sai ka tanƙwara gadon bayanka kafin ka kai gare shi, ya yi ƙasa.

Sai wani ya ɗauki tef ya auna daga saman mataki, daidai inda ƙafarka take, zuwa saman mariƙi. Ka rubuta lambar. Ita ce lambar da ke da amfani, ba wadda aka buga a jikin kwali ba, domin tsayin kai abu biyu ne a haɗe: tsawon wuya da kuma tashin da ƙarfen kansa ya yi daga tsakiya zuwa mariƙi. Ski-Doo ta fi amfani da ƙarfe mai ɗan tashi kaɗan a kan wuya, Polaris kuwa a RMK tashin yana jikin ƙarfen ne. Saboda haka "inci biyar" na wannan ba lallai ya zama inci biyar na wancan ba. Mutane da yawa sun sayi ƙarfe mai tashin inci biyu suka ɗora a kan tsohon wuyansu, suna zaton siffa kawai suka sauya, alhali sun ƙara tsawo ba su sani ba.

Kada kuma tsawon jikinka ya yaudare ka. Dogon mutum galibi dogayen hannuwa gare shi, suna sauka ƙasa su tarar da mariƙi. Mutum biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya mai dogayen ƙafafu da gajerun hannuwa, ɗaya akasin haka, ba za su so kai iri ɗaya ba. Na farkon ne ke da hujjar ƙarin inci.

Mataki na biyu: gwada tsayin kafin ka kashe kuɗi

Ga dabarar da ba ta cin ko sisi. Idan kana so ka ji yadda kai zai kasance in an sauke shi da inci ɗaya, ba sai ka kwance komai ba: ka samo katako biyu masu kaurin inci ɗaya, ka ɗora a kan matakai, ka hau kansu. Ka ɗaga jikinka da inci ɗaya, daidai yake da ka sauke kan babur da inci ɗaya. Ka ƙara wani katakon ka ji inci biyu. Ka tsaya a kowanne na wasu mintuna, kana juya kai hagu da dama har ƙarshe, kana tsallakawa daga wannan mataki zuwa wancan. Bayanka zai gaya maka inda ya fara ƙorafi. Tsayin da ke sama da wannan wurin kaɗan, shi ne naka.

Katakon nan yana tuna mana wani abu da ake mantawa. A daji dusa tana taruwa a kan matakai ta daskare, ko da yake an yi musu manyan ramuka don ta zube. Idan ka bar ta, da la'asar kana tsaye a kan tudun ƙanƙara ne, kai ya yi maka ƙasa ba don an taɓa shi ba. Kafin ka zargi wuya, ka fara kankare matakanka.

Bayan haka ka gwada tsayuwar gangare a nan cikin gareji. Ka koma mataki ɗaya da ƙafar da ba ta gefen ba, ka juya kai har ƙarshe zuwa ɗaya gefen, ka duba abu uku. Mariƙin da ya dawo baya, ina ya taɓa ka? Hannun da ya yi gaba, ya kai ba tare da kafaɗarka ta fizge ba? Yatsanka yana kan birki, kuma babban yatsanka zai iya danna totur har ƙasa? Ka yi haka a gefe biyu. Kusan kowa yana da gefen da ya fi masa sauƙi, kuma gefen da ya fi wuya ne ya kamata ya yanke hukunci.

Mataki na uku: wuya ya bi layin sandar sitiyari

Wannan gajeren mataki ne amma ana yawan karya shi. Akwai wuyan da ake iya karkatar da shi gaba ko baya, kuma mai jin kai ya matse shi yakan tura wuyan gaba sosai don ya samu fili. Ka tsaya a gefen babur ka dubi sandar sitiyari inda ta fito, ka ja layi da ido zuwa sama. Wuya ya bi wannan layin, ko ya kauce masa kaɗan ƙwarai. Idan ya yi gaba da yawa, ƙarfen kai ba juyawa zai yi a kan cibiyarsa ba, lilo zai dinga yi gefe da gefe, kuma duk jan da ka yi don karkato babur sai ya zama juya takalma ba da niyya ba. Ga kuma nauyin da kake ɗora wa sandar, wadda kan lanƙwashe idan aka yi karo.

Sandunan ma ba iri ɗaya ba ne. Ta Polaris ta fi tsayuwa a miƙe, don haka mariƙai suna kewayawa kusan a lebur. Ta Ski-Doo ta fi kwantawa baya, shi ya sa idan ka juya kai mariƙi ɗaya yakan sauka ƙasa ɗayan ya hau sama. A kan irin wannan sanda, ƙarin tsawo yana kuma matso da kai baya wajen cikinka, ba sama kawai ba. Wanda ya sauya daga wannan kamfani zuwa wancan ya ba hannunsa kwana biyu ko uku kafin ya ce kan bai yi ba.

Mataki na huɗu: faɗi

Yawancin ƙarafan kai na dutse suna tsakanin inci 28 da 31. Mai faɗi ya fi ba da ƙarfin juyawa da na karkatarwa. Siriri ya fi sauƙin kaiwa idan kana rataye a gefe ɗaya kana miƙa hannu ƙetaren babur, kuma ya fi wucewa tsakanin itatuwa ba tare da ya ƙwale reshe ba. Tun da baburan yanzu an matse tazarar takalmansu zuwa wajen inci 34 ko 36, ba sa bukatar banƙara irin ta da, don haka hujjar mai faɗi ta ragu.

Hanya mai sauƙi ta fara lissafi: ka kwanta rub-da-ciki ka dafa ƙasa kamar za ka ɗaga jikinka da hannu, inda ka fi jin ƙarfi, a auna daga wajen wannan tafi zuwa wajen wancan. Ka kwatanta da ƙarfenka. Mata da matasa da duk mai ƙananan kafaɗu su ne suka fi cutuwa da faɗin da kamfani ya sa, kuma sau da yawa abin da suke kira rashin ƙarfi rashin kaiwa ne kawai.

Kafin ka yanke, ka gwada: ka sassauta totur da birki ka matsar da su ciki da rabin inci, ka riƙe can ciki ka yi wuni ɗaya. Idan ya yi, sai ka yanke daidai wa daida a kowane gefe, kwatan inci a lokaci guda, ka goge bakin da fayil. Abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka tabbata kuma miƙaƙƙen wurin da ya rage zai ɗauki roba, da hitar hannu da ke ƙarƙashinta, da gidan totur, da birki, da makunnai, domin ba a ɗaure su a kan lanƙwasa. Ƙarfen da aka lanƙwasa bakinsa ya zama ƙugiya tun daga masana'anta kuwa ba ya yankuwa ta baki, sai dai ka sayi wani.

Mataki na biyar: lanƙwasa, ƙugiya da madaukin tsakiya

A nan ne wuyan hannu ke da magana. Ƙarfen kai yana da lanƙwasa iri biyu: wadda ke dawo da mariƙi baya wajen mahayi, da wadda ke ɗaga bakinsa sama. Mai zama yana son ta baya da yawa, domin gwiwar hannunsa tana kusa da haƙarƙari. Mai tsayuwa yana bisa ƙarfen, gwiwar hannunsa a waje, don haka ya fi son wanda ya kusa miƙewa. Idan lanƙwasar baya ta yi yawa, za ka ji gwiwar hannunka tana manne da jiki, kuma mariƙin da ya dawo baya a gangare ya fi saurin tokare ka. Idan ƙarfen ya miƙe sarai kamar sandar makiyayi, gefen tafin hannu wajen ƙaramin yatsa ne zai fara zafi, musamman a doguwar hanyar komawa mota wadda ake yin ta a zaune.

Ka ɗauki alƙalami biyu, ɗaya a kowace dunƙule. Ka tsaya irin tsayuwar hawa, ka rufe ido, ka miƙa hannuwa inda mariƙai za su kasance, ka saki jiki, sannan ka buɗe ido ka dubi inda alƙaluman suka nufa. Wannan kusurwar ce wuyan hannunka yake so. Ka tafi da ita shago a ranka, ka riƙa ɗaukar ƙarafa kana ji. Kamfanoni irin su ProTaper, RSI da Cheetah Factory Racing suna rubuta digirin lanƙwasa a bayanin kayansu, amma hannu ya fi takarda sani.

Wani abu kuma: idan ka murza ƙarfen a cikin maɗaurinsa, lanƙwasar tana sauya hali. Ka murza gaba, ta baya ta zama ta sama, gwiwar hannu ta buɗe. Ka murza baya, bakin ƙarfen ya sunkuya, kafaɗu su zube. Sau da yawa wanda ke shirin sayen sabon kai, murzawar ƴan digiri kawai yake bukata.

Ƙugiyar bakin ƙarfe tana hana hannu zamewa idan kana rataye, kuma ina ganin duk mai ratsa gangare yana bukatarta, sai dai gajeriya ta fi, don doguwa tana kama aljihun riga da igiyar jaka lokacin tsallakawa. Idan ta sakawa ce, ka lura ramin ƙarfen alminiyom ya fi na baƙin ƙarfe ƙanƙanta saboda kaurin bangonsa, ka sayi wadda ta dace da naka.

Madaukin da ke tsakiyar kai kuwa, sunansa na dutse ne amma amfaninsa a tafiya kaɗan ne. Duk lokacin da ka kama shi, ka saki ko dai birki ko totur. Yana da rana idan babur ya kafe kana tsaye a ƙasa kana jijjiga shi. A bar shi gajere, don dogon madauki yana jiran ƙirjinka ko haɓar hular kwanonka ranar da hancin babur ya daki kututturen da dusa ta rufe.

Sai kauri da irin ƙarfe. Wurin mariƙi inci 7/8 ne, wato milimita 22. Tsakiya kuwa ko dai haka, ko mai kauri inci 1 da 1/8, kusan milimita 28.6, kuma dole bakin wuyanka ya dace da shi. Alminiyom ba shi da nauyi kuma mai kaurin tsakiya yana da ƙarfi, amma yana shanye zafin hita ya watsar. Wanda yatsunsa ke saurin sanƙarewa ya sa wani abin rufi siriri tsakanin ƙarfe da hita, ya kuma toshe bakin ƙarfen kada dusa ta cika shi.

Mataki na shida: ɗaurawa

Kafin ka taɓa sifana, ka ɗauki hoton yadda wayoyi suka bi ta kowane gefe, ka sa alama da alƙalamin maka inda tsohon ƙarfe yake zaune. Ka shimfiɗa tsumma a kan tanki. Abu uku ne ke hawa zuwa kai: wayar totur, tiyon birki, da wayoyin lantarki na hita da makunnin kashe inji. Idan sauke kai kake yi, za su yi rara, sai ka lanƙwasa su a hankali ba tare da karyewa ba, ka ɗaure su inda ba za su goga da komai ba. Idan ɗagawa kake yi, rarar da kamfani ya bari kaɗan ce, kuma da ka wuce ta sai an sayi dogaye. Wanda ya sauya tiyon birki dole ya fitar da iska daga cikinsa ya cika da irin man da littafin babur ya ce. In ba ka taɓa yi ba, ka kai wa makaniki.

Ka ɗaure notunan maɗauri a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ƙarfi, zuwa adadin da littafin ya faɗa. Sannan ka hau ka tsaya, ka saita birki da totur a tsaye, ba a zaune ba. Hannun birki ya sunkuya har yatsanka manuni ya kwanta a kansa a layi ɗaya da damtsenka, ka kuma matsar da shi ciki don yatsa ɗaya ya kama bakinsa inda ya fi ƙarfi, sauran yatsun suna riƙe da mariƙi. Totur kuma ya zauna inda babban yatsa zai kai shi ƙarshe ba tare da ka karya wuyan hannu ba.

Yanzu gwajin da ba a tsallakewa. Inji a kashe, ka juya kai har ƙarshen hagu, ka danna totur ka saki, ka ji ya koma da kansa da ɗan ƙara. Ka yi haka a dama. Ka taɓa kowace waya ka ji tana da sauran rara. Sannan ka fitar da babur waje ko ka buɗe ƙofar gareji sosai saboda hayaƙi, ka ɗaga bayansa a kan abin tokara har bel ya bar ƙasa, ka maƙala igiyar kashe inji a jikinka, kowa ya kauce daga gaba da baya, ka tayar. Ka juya kai hagu da dama a hankali kana saurare. Idan muryar inji ta ɗaga ko kaɗan, wayar totur tana jan kanta, ka kashe nan take ka gyara. Babur ɗin nan ba shi da giyar da za ta tsare shi. Inji yana ɗaga murya kuloci zai kama da kansa, abin ya tafi, da kai ko babu kai.

Mataki na bakwai: dusa ce alƙali

Ka nemi ƙaramin gangare a fili, marar itatuwa a ƙasansa, wanda bai kai digiri 30 ba kuma babu wani babban gangare a samansa, domin tsakanin digiri 30 zuwa 45 ne dusa ta fi zaftarewa. Ranar gwajin kai ba ranar gwada sa'a ba ce. Ka duba hasashen hukumar da ke lura da yankin, kamar Avalanche Canada da ke da hedikwata a Revelstoke, kuma kowa a tawaga ya ɗauki na'urar neman wanda dusa ta binne, da sandar lalube a cikin dusa, da shebur.

Ka ratsa gangaren sau da yawa ta hagu da ta dama, a hankali. Idan hanci yana yawan haurawa sama, gwiwar hannunka a naɗe, damatsanka sun kumbura da gajiya tun kafin azahar, kai ya yi tsawo ko ya dawo baya da yawa. Idan ƙasan bayanka ne ke ciwo, kana ɗaga wuyanka da ƙyar don ganin gaba, kuma a gangarowa kana jin za ka wuntsila ta kan gilashi, ya yi ƙasa. Idan yatsanka yana barin birki duk lokacin da tudu ke damanka, faɗi ne ya yi yawa. Idan wuyan hannu ne kaɗai ke zafi, ka fara da murza ƙarfen da saita birki.

Ka sauya abu ɗaya a lokaci guda, kuma kada ya wuce inci ɗaya. Wanda ya sauke wuya, ya rage faɗi, ya sauya lanƙwasa duk a dare ɗaya, ko abin ya yi daɗi ba zai san wanne ya gyara ba. Kai mai ƙasa kuma yakan ba da baƙunta a wunin farko, musamman ga wanda ya shekara da dogo, saboda yana tilasta maka karya gwiwa da lanƙwasa ƙugu maimakon tsayuwar soja. Ka ba shi fita uku kafin ka yanke masa hukunci.

Bayan fitar farko ka sake bin notunan da sifana, domin sanyi da jijjiga suna sassauta su, ka kuma duba wayoyi ko wata ta fara gogewa. Idan ka samu inda ya zauna maka, ka sake aunawa daga mataki zuwa mariƙi, ka auna faɗi, ka rubuta lambobin biyu da alƙalamin maka a cikin murfin gefen inji. Ranar da ka sayi wani babur, ko ka karɓi na haya a garin West Yellowstone na Montana, tef da waɗannan lambobi za su rage maka rabin aikin.